Canal+ ya saye DStv: sauƙi ne ya zo wa masu kallon ƙwallo, ko wani nauyin?

Baban Ummi (mai gidan kallo, Kano):
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga masu ilimin cikinmu. Tun Satumban 2025 nake jin cewa kamfanin Faransa, Canal+, ya kammala sayen MultiChoice, wato masu DStv da GOtv da SuperSport. Ni gidan kallo nake da shi, shekara goma sha takwas ke nan, da shi nake ci da iyalina, kuma yara huɗu ke aiki a ƙarƙashina. Abin da nake so in sani shi ne, wannan cinikin me zai jawo mana? Wasu na cewa tunda kamfanin ya ƙara girma kuɗin wata zai sauka. Wasu na cewa yanzu ne ma za mu ji a jikinmu. Ni dai abin da na sani, tun da aka cire tallafin fetur a 2023 lissafina bai sake daidaita ba. Don Allah wanda ya fahimci abin ya yi mana bayani da Hausar da za mu gane.

Malamin Samaru:
Wa alaikumus salam Alhaji. Bari in fara da abin da ya faru. Canal+ ya daɗe yana tsintar hannun jarin MultiChoice kaɗan-kaɗan tun 2020. Da abin da ya tara ya haura kashi 35 cikin ɗari, dokar Afirka ta Kudu ta wajabta masa ya yi wa sauran masu hannun jari tayin saye. Kafin nan, a farkon 2024, ya taya rand 105 (kuɗin Afirka ta Kudu) kan kowane hannun jari, aka ce albarka. Ya ƙara zuwa rand 125, wanda ya sa darajar kamfanin gaba ɗaya ta kama wajen rand biliyan 55, kusan dala biliyan 3. Kotun da ke kula da gogayyar kasuwanci a can ta amince a Yulin 2025, aka rufe ciniki a Satumba. Saboda dokarsu ta hana baƙo riƙe fiye da kashi 20 na ƙuri'a a kamfanin da ke da lasisin watsa shirye-shirye, sai aka ware lasisin Afirka ta Kudu aka ba wani kamfani na daban. Yanzu su biyun a haɗe suna da masu biya sama da miliyan 40 a ƙasashe kusan 70.

Amsar tambayarka kuwa, a ganina kada ka sa rai da sauƙi daga wannan cinikin, kuma kada ka ɗora masa laifin duk tsadar da za ta zo. Ba a nan gizo yake saƙar ba.

Sai Masu Gida:
Malam a ina yake saƙar to? Ai a fili take. Da su biyu ne manya a Afirka, ɗaya na Turanci ɗaya na Faransanci, yanzu sun zama ɗaya. Babakere ke nan. Mu dai a kawo mana kamfanoni da yawa su yi ta gogayya, farashi ya faɗo kamar yadda layukan waya suka yi. Da layi ɗaya sai mai kuɗi, yau kusan kyauta ake ba da shi.

Malamin Samaru:
Ƙanena, misalinka na waya yana da kyau, amma ƙwallo ba ta bin wannan hanyar, kuma dalilin shi ne zuciyar maganar nan duka.

Idan layinka ya yi tsada ka koma wani, muryar mahaifiyarka ɗaya ce a kowanne. Amma wasan Arsenal da Manchester United guda ɗaya ne tak a duniya a wannan ranar, kuma hukumar Firimiya tana sayar da shi ga mutum ɗaya a kowane yanki, bisa sharaɗin ba wanda zai nuna sai shi. To gogayyar ba a gabanka ake yin ta ba, a gaban mai ƙwallon ake yi. Kamfanoni su taru su yi ta ƙara tayi, wanda ya fi zuba kuɗi ya ɗauka, sannan ya juyo gare ka ya fanshe. Yawan masu tayi riba ce ga ƙungiyoyin Ingila, kai kuwa kuɗinka ne ake taya wa da shi.

Ingila ta riga kowa ganin haka. A Nuwamban 1990 kamfanoni biyu na tauraron ɗan'adam, Sky na Rupert Murdoch da BSB, suna ta tafka asara saboda faɗa da juna, sai suka haɗe suka zama BSkyB. A 1992 da aka kafa Firimiya, cinikin farko fam miliyan 304 ne na shekara biyar. Sky ya yi ta cin karensa babu babbaka har Tarayyar Turai ta sa baki, ta ce ba za a ƙara sayar wa kamfani ɗaya duka wasannin ba. Aka kasa su kashi shida, wani kamfanin Ireland mai suna Setanta ya ɗauki biyu daga 2007. Me ya faru? Mai son ganin duk wasannin ƙungiyarsa sai ya koma biyan wuri biyu. A 2009 Setanta ya durƙushe a Birtaniya. Kamfanin sadarwa na Birtaniya, BT, ya shigo a 2013 da aljihu mai nauyi, kuma gwanjon 2015 ya kai fam biliyan 5.136 na shekara uku kacal. An sami gogayya, amma mai kallo bai sami rangwame ba.

Yaya na Manchester:
Na shaida maganar Malam, don a cikinta nake zaune. A nan idan kana son Firimiya da gasar zakarun Turai cikakku, sai ka biya Sky, ka biya TNT Sports, wanda shi ne tsohon BT Sport da ya haɗe da Warner Bros. Discovery ya canja suna a 2023, ka kuma ƙara da Amazon saboda wasan Talata na zakarun Turai. Duk da haka wasannin ƙarfe uku na ranar Asabar ba a nuna su a talbijin a ƙasar nan, an hana ne don mutane su riƙa zuwa filayen ƙananan ƙungiyoyi. Wato Alhaji, yaran da ke zama a bencinka a Kano suna ganin wasannin da ni da ke kusa da filin ba na gani. Cinikin Firimiya da ya fara aiki a kakar 2025/26 fam biliyan 6.7 ne na shekara huɗu, Sky na da aƙalla wasa 215, TNT na da 52.

Baban Ummi (mai gidan kallo, Kano):
Ikon Allah. Malam ka tuna mini da abin da na manta. Ai mu ma mun yi wannan zamanin. A 2007 HiTV, kamfanin ɗan Najeriya Toyin Subair, ya karɓe mafi yawan wasannin Firimiya a ƙasar nan. A lokacin duk wani gidan kallo da ya amsa sunansa sai da ya kafa kwando biyu, ya ajiye dikoda biyu, ya riƙa biyan kuɗin wata biyu. Mun yi murna ƙwarai don na gida ne, amma kuɗin da ke fita daga aljihunmu ƙaruwa ya yi. Zuwa 2010 wasannin suka koma SuperSport, bai daɗe ba kamfanin ya rufe.

Sai Masu Gida:
To ai kun gani. Murƙushe shi aka yi. Da gwamnati ta tsaya masa da yanzu muna da namu.

Barista:
Ɗan'uwa a yi hattara da kalmar murƙushewa. Abin da aka sani shi ne farashin ya yi tashin gwauron zabo a zagaye na biyu, kuma HiTV bai iya kawo lamunin banki a kan lokaci ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne. GTV da ya sayi Firimiya a wasu ƙasashen Afirka ya rushe a Janairun 2009. Kwesé na attajirin Zimbabuwe Strive Masiyiwa ya zo da ƙarfinsa, ya rufe a 2019. Labarin iri ɗaya ne: ka ci bashi ka sayi haƙƙin nuna wasa da dala, kana fatan masu biya za su taru kafin wa'adin biya ya zo, su kuma ba sa taruwa da sauri haka. Tsohon kamfani yana da finafinai da labarai da shirye-shiryen yara da zai jingina da su, sabo kuwa ƙwallon ce kaɗai jarinsa. Ranar da ta suɓuce masa, ranar ya mutu.

Amma ina tare da kai a wani ɓangare. Inda na saba da Malam shi ne ya yi saurin wanke wannan cinikin. Canal+ yana da tarihi a gidansu. Ya haɗiye babban abokin hamayyarsa TPS a Faransa, aka amince masa a 2006 bisa alƙawura masu yawa. A 2011 hukumar gogayya ta Faransa ta same shi da saɓa wasu daga cikinsu, ta janye amincewar, ta ci shi tarar yuro miliyan 30, sai da aka sake zama aka gindaya sabbin sharuɗɗa. Wannan a ƙasar da hukuma ke da haƙora ke nan. Sharuɗɗan da aka gindaya wa cinikin MultiChoice kuwa na Afirka ta Kudu ne: kare ayyukan ma'aikatansu, ba 'yan ƙasarsu hannun jari, zuba kuɗi a shirye-shiryensu. Mai biya a Gombe ko Gusau ba ya cikin wannan lissafin.

Malamin Samaru:
Barista ban wanke shi ba, kuma na karɓi gyaranka kan TPS. Abin da nake nufi shi ne su biyun dama ba sa takara a kasuwa ɗaya sosai. DStv na ƙasashe masu Turanci da Fotugis, Canal+ na masu Faransanci. Mutumin Kano bai taɓa zama yana auna wanne zai saya tsakaninsu kamar yadda yake auna shinkafa biyu a Dawanau ba. Don haka ba a cire masa wani zaɓi da yake da shi jiya ba. Abin da aka cire shi ne yiwuwar wata rana ɗayansu ya tsallaka ya ƙalubalanci ɗayan. Wannan asara ce, na yarda.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Malam, a nan zan ɗan ja da kai. Mu da ke bakin iyaka mun san zaɓin yana nan, ko da ba a rubuce yake ba. Daga Damagaram har Maraɗi akwai masu kallon na wajenku saboda sun fi son sharhin Turanci, kuma na san a Katsina da Daura da Maigatari akwai masu kallon namu, ba su damu da Faransancin ba tunda ƙwallo ido ke ganinta. Lokacin da naira ta faɗi, naku ya zame mana araha idan aka juya da sefa. Da can kuwa akasin haka ne. Talaka yana bin inda ya fi sauƙi. Yanzu da mai shagon ya zama ɗaya, tsorona shi ne ya daidaita farashin ta yadda ko ina ka juya hannunsa za ka faɗa.

Abu na biyu, mu nan ba za mu iya raba wannan magana da siyasa ba. Canal+ yana ƙarƙashin ikon iyalan Bolloré ne, kuma kowa ya san tarihin wannan gida da tashoshin jiragen ruwa na Afirka ta Yamma. A ce yau mafi yawan abin da baƙar fata ke kallo daga Dakar har Cape Town, a Paris ake yanke shawararsa, wannan abin dubawa ne ko da kuɗin wata bai ƙaru da dala ɗaya ba.

Maman Sadiq:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba ƙwallo nake kallo ba, amma ni ke biya, don haka ina da ta cewa. Yarana uku maza, kuma na fi son su kalla a gida da su fita da dare. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne, me ya sa ba za a sayar mini da abin da nake so kawai ba? Ni tashoshin Hausa nake kallo da na wa'azi, su kuma ƙwallo. Tashoshin da muke buɗewa ba su fi goma ba, amma sai an haɗa mana da ɗari da wani abu. Kuma maƙwabciyata da ba ta da mai kallon ƙwallo ko ɗaya, ita ma duk lokacin da aka yi ƙari sai ya shafe ta. Malam, wannan adalci ne?

Malamin Samaru:
Hajiya kin taɓo inda ke yi wa kowa ƙaiƙayi. Ƙwallon ita ce ƙugiya, sauran tashoshin su ne igiyar. Da za a ware ta a sayar ita kaɗai da ainihin kuɗinta, da masu kallonta sun ji nauyin da ya fi na yanzu, su kuma sauran sun sami sauƙi. Ana cakuɗa su ne don a raba nauyin a kan kowa. To maƙwabciyarki tana taya 'ya'yanki biya, gaskiyar ke nan. Ni ina ganin ya kamata a ware, wanda ya ci shi ya biya. Sun ɗan gwada hakan a 2024 da suka fito da tsarin Firimiya zalla ta Showmax, manhajarsu ta kallo ta intanet, amma a waya kaɗai, ba a talbijin ba.

Sai kuma batun naira, wanda ban ga an ambata ba. Ana sayen haƙƙin wasannin nan da kuɗin waje, ana karɓar kuɗinmu da naira. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. A Maris na 2025 babban tsarin DStv ya tashi daga naira 37,000 zuwa 44,500, Compact kuma daga 15,700 zuwa 19,000. A wurinmu ƙari ne mai zafi, amma idan ka juya shi zuwa dala bai kai abin da suke samu kafin faɗuwar naira ba. Su da kansu sun bayyana cewa sun rasa masu biya miliyan 1.4 a Najeriya cikin shekara biyu. Kamfanin da ke ƙoshi ba ya sayar da kansa. Rauni ne ya kai su ga wannan ciniki.

Sai Masu Gida:
Malam yanzu kuma tausayinsu za mu ji? Albashin wa aka ninka sau uku da dala ta ninka? Mafi ƙarancin albashi dubu 70 ne. A ce kallon talbijin na wata ya cinye fiye da rabinsa.

Malamin Samaru:
Ba tausayi ba ne ƙanena, sanin inda ciwo yake ne kafin a sa magani. Maganarka ta albashi gaskiya ce, kuma ita ce dalilin da ya sa mutane miliyan 1.4 suka ajiye dikodarsu.

Ɗan Zongo (Kumasi):
Mu a Ghana ba mu tsaya dogon lissafi ba. Ministan sadarwa Sam George ya fito a 2025 ya ce su rage kashi 30 cikin ɗari tunda sidi ta farfaɗo, in ba haka ba ya dakatar da lasisinsu. An yi ta ja-in-ja wajen wata biyu. A ƙarshe ba su rage kuɗin kai tsaye ba, amma sun yarda su ɗaga mutane zuwa tsarin da ke sama da nasu a kan kuɗin da suke biya. Ba duk abin da aka nema aka samu ba, amma an samu wani abu. Me ya hana Najeriya, wadda kasuwarta ta ninka tamu?

Barista:
An gwada, ɗan'uwa, har sau biyu, kuma duka a kotu abin ya tsaya. A 2020, zamanin minista Lai Mohammed, hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talbijin ta gyara kundinta ta haramta riƙe haƙƙin wasa kai kaɗai, ta ce dole wanda ya saya ya sayar wa sauran tashoshi. Babbar kotun tarayya a Legas ta soke gyaran a 2022. Sannan a 2025 hukumar kare masu saye, FCCPC, ta ce a dakatar da ƙarin Maris. A watan Mayu mai shari'a James Omotosho ya kori ƙarar da kamfanin ya shigar, amma a cikin hukuncin ya ce hukumar ba ta da ikon ƙayyade farashi sai shugaban ƙasa ya ba ta wannan iko.

Ni a ra'ayina ƙayyade farashi ba shi ne mafita ba, domin ranar da lissafi ya ƙi fita za su rage abin da suke nunawa ne. Tunanin 2020 shi ne daidai, hanyar da aka bi ce ba daidai ba. Abu mai girma haka doka yake buƙata daga majalisa, ba sanarwar hukuma ba. A ce duk wanda ya sayi wasa dole ya sayar wa wasu a kan farashin sari da hukuma za ta iya dubawa. Ingila ta yi haka, a 2010 hukumar Ofcom mai kula da harkar sadarwa ta tilasta wa Sky sayar da manyan tashoshin wasanninsa biyu ga abokan hamayya. A nan ne gogayya take dawowa gaban mai kallo: wasa ɗaya, shaguna uku, kowa na neman ka.

Yaya na Manchester:
Barista ka ƙara da cewa Ofcom ta janye wannan tilas ɗin a 2015, bayan shekaru ana shari'a. Ba ina rushe maganarka ba ne, ina nuna cewa ko a nan ba a sha da daɗi ba.

Barista:
Haka ne Yaya, na gode. Sun janye ne da suka ga Sky ya ci gaba da sayarwa da kansa. Ƙofar da aka buɗe da ƙarfi ba ta koma ta rufe ba.

Injiniya Mai Kwando:
Ku yi haƙuri in faɗi abin da kowa ya sani amma ba a faɗa. Ni aikina ɗaura kwando da saita dikoda, shekara ashirin. A da a mako ina ɗaura goma, yanzu in na sami uku na gode Allah. Matasa sun koma waya. Da data ta ɗari biyar yaro zai nemo wasa a intanet ta hanyar da ba ta halatta ba, hoton na tsayawa yana tafiya, amma ya gani. Babban abokin hamayyar waɗannan kamfanoni ba StarTimes ba ne, wayar da ke aljihun yaran nan ce. Ba na goyon bayan sata, kuma ba na yi wa kowa wannan aikin, amma duk wanda zai yi lissafin kasuwar nan bai sa wannan ba, lissafinsa bai cika ba.

Baban Ummi (mai gidan kallo, Kano):
Injiniya ka faɗi gaskiya, kuma mu abin ya fi dokewa. Ni ina biyan kuɗin wata, ina sayen fetur, ina biyan haya da yara. Ranar babban wasa gida na cika, amma ranakun ƙananan wasanni sai ka ƙirga mutum goma sha biyar. Idan na ƙara naira hamsin a kuɗin shiga, rabi sun tafi. Na sa sola bara da bashi don in rage fetur, har yanzu ban gama biya ba. Shi ya sa na yi tambayar tun farko. Ba neman araha nake don jin daɗi ba, so nake in san ko sana'ar nan za ta kai ni shekara biyar masu zuwa.

Ɗan Damagaram:
Allah ya rufa asiri Alhaji. Amma kada a ɗauka manyan ba sa girgiza. New World TV na ƙasar Togo, wanda da yawa ba su taɓa jin sunansa ba, shi ya karɓi gasar cin kofin duniya ta 2022 a ƙasashe masu Faransanci, ya kuma karɓi kofin Afirka da aka buga a Kodebuwa. Kun tuna a Janairun 2024 SuperSport ya sanar cewa ba zai nuna gasar ba, sai ana saura kwanaki kaɗan aka daidaita? A ranar kamfanin Lome ne ke riƙe da wuƙa da nama.

Malamin Samaru:
Na tuna, kuma misalin ya yi. Amma ka lura da yadda aka ƙare: an sayar wa juna, wasan ya fito a wurare da yawa, har da tashoshin kyauta. Abin da Barista ke nema a mayar doka ke nan.

Akwai kuma darasi daga Faransa ga masu ganin kuɗin ƙwallo ba ya taɓa sauka. A 2018 kamfanin Sifaniya Mediapro ya doke Canal+ a gwanjon gasar Faransa da tayin sama da yuro miliyan 800 a shekara. Bai cika wata biyu da fara nunawa a 2020 ba ya kasa biya. Amazon ya karɓi waɗannan wasannin a 2021 a kan miliyan 250, alhali Canal+ na biyan miliyan 332 a kan wasa biyu kacal a mako. Ya fusata, daga baya ya fita daga gasar ƙasarsa gaba ɗaya. Wani kamfanin nuna wasanni ta intanet, DAZN, ya zo a 2024, kaka ɗaya ya yi aka rabu. Yanzu hukumar gasar da kanta ta buɗe tasharta tana sayar wa jama'a kai tsaye. Abin da wannan ke nuna mini game da sabon mai DStv shi ne mutum ne da ke iya tashi daga teburin ciniki idan farashi ya wuce hankali. Idan ya yi amfani da girmansa ya matsa wa Turawa suka rage masa, to akwai rarar da za ta samu. Ko rarar za ta iso Kano ko a Paris za ta tsaya, wannan ya danganta da ko akwai mai tilasta masa.

Sai Masu Gida:
Duk na ji. Amma ku dubi abin da muka kwashe awa biyu muna yi: Arsenal, Manchester, Paris. Ba wanda ya ambaci Kano Pillars, ƙungiyar da ta ci gasar ƙasar nan sau huɗu, uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Filin Sani Abacha na cika maƙil ranar wasa. El-Kanemi ta ɗauki kofin ƙalubale a 2024. Katsina United na nan, Wikki na nan. Yanzu kuɗin da Firimiya ke samu daga ƙasashen waje ya fi wanda take samu a Ingila, kuma da kuɗin Alhaji a ciki. A 2023 an sa hannu da StarTimes na shekara biyar don nuna gasarmu, amma wasa nawa ake ɗauka a mako? In Pillars ta je Aba ko Ikenne, sau nawa muke gani da idonmu? Da ana gwanjon gasarmu kamar yadda ake na Turawa, da kuɗin ya zauna a gida, kuma da naira za a biya ba dala ba.

Maman Sadiq:
Wannan yaron ya yi magana. Amma ɗana, sai an gyara filayen tukuna. Ni ba zan bar Sadiq ya je inda ake jifan alƙalin wasa ba, kuma kamfani ba zai kai kyamarorinsa inda ba shi da tabbacin za su dawo lafiya ba.

Sai Masu Gida:
Gaskiya ne Mama, kuma mu magoya baya laifin nan namu ne, ba na kowa ba. Amma kyamarar kanta magani ce. Inda ake ɗauka kai tsaye, alƙali na jin tsoron yin son kai, mai jifa kuma ya san za a ga fuskarsa.

Baban Ummi (mai gidan kallo, Kano):
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Ƙanena mai Pillars, ranar da suke wasa a waje kuma aka nuna, gidana na cika kamar ranar Madrid da Barcelona, har da dattawan da ba sa zuwa kallon Turawa. Wannan na gani da idona.

Barista, mu masu gidajen kallo a unguwarmu da kewaye mun kai talatin, kuma muna da zama ranar Lahadi bayan la'asar. Idan na kawo maganar a rubuta wa 'yan majalisarmu takarda kan dokar nan ta sayar wa juna wasa, da kuma a yi wa ƙananan gidajen kallo farashi na daban da na manyan otal, za ka taimaka mana da tsara ta?

Barista:
Zan yi Alhaji, ba tare da ko kwabo ba. Kafin Lahadi kowa ya rubuto abin da yake biya a wata, da kuɗin fetur, da yawan mutanen da ke shiga a ranar babban wasa da ranar ƙarami, na wata shida da suka wuce. Da waɗannan alƙaluman za mu buɗe takardar. Ka turo mini lokacin da wurin ta akwatin sirri.